Ƙaramar mota mai zafin gudu a hanyoyin Kazaure: daɗin tuƙi da tsadar riƙo

Ƙananan motoci masu ƙofa huɗu da aka yi wa ƙira irin ta motar tsere, kamar Honda Civic da Toyota Corolla S, sun samu karɓuwa a tsakanin matasan ma'aikata da 'yan kasuwa a arewa maso yammacin jihar Jigawa. Sai dai abin da ke sa su daɗin tuƙi a kan kwalta shi ne kuma ke cin aljihun masu su da zarar kwaltar ta ƙare.

Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure ta nufi Daura da kan iyakar Nijar ita ce jijiyar wannan yanki. Tazarar Kano da Kazaure kimanin kilomita 80 ce, saboda haka mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa sun fi kusa da Kano a kan Dutse, babban birnin jiharsu. Haka ma mutanen Babura, waɗanda hanyarsu ke bi ta Kunya kafin ta shiga Kano. Malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da ma'aikacin ƙaramar hukuma, da ɗan kasuwar da ke saro atamfa a Kantin Kwari, duk a kan waɗannan hanyoyi suke kai da komo, wasu sau biyu ko uku a mako.

Ga irin wannan mutum, ƙaramar mota mai saurin ɗaukar wuta, mai na'urar sanyaya ciki, wadda kuma ba ta kai manyan motoci shan mai ba, zaɓi ne mai ma'ana. Matsalar ita ce tafiyar ba a kan babbar hanya take ƙarewa ba. Akwai gaisuwar iyaye a ƙauye, akwai gona, akwai ɗaurin aure da ta'aziyya, kuma yawancin waɗannan wurare sai an sauka daga kwalta ake isa gare su.

Daga Fijo zuwa I-Robot

Shekaru da dama motar da Bahaushe ya sani ita ce Peugeot 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna, da aka buɗe a 1975, ya yi ta harhaɗawa har tsakiyar shekarun 2000. Mota ce mai tsayi daga ƙasa, mai laushin ƙafa, wadda kusan kowane bakanike ke iya kwance injinta ya mayar a gindin bishiya. Bayan da kuɗin sabuwar mota ya gagari ma'aikaci, sai motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka suka maye gurbinta, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano. A arewacin Najeriya kuwa babu kamar Honda, har ta kai kowane samfuri nata sai da aka laƙaba masa suna: Hala, Bulldog, Baby Boy, End of Discussion. Ita Civic ɗin da aka ƙera daga 2006 zuwa 2011, dillalai suna kiranta I-Robot, saboda gabanta da ya zube kamar kibiya da kuma allon gaban direba mai hawa biyu, wanda ke nuna gudu da lambobi masu haske maimakon allura.

Injin da aka fi samu a cikinta mai lita 1.8 ne, ƙarfinsa kuma 140 a ma'aunin da ake kira ƙarfin doki. Tsohuwar 504 mai lita 2 ba ta kai 100 ba, alhali nauyin motocin biyu bai bambanta sosai ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa wanda ya saba da Fijo ko Golf yake jin kamar motar na neman kuɓuce masa idan ya taka totur.

Akwai wani abu da mai saye ya kamata ya rarrabe tun a wurin dillali, domin kalmar "Sport" tana ƙara wa mota kuɗi a kasuwa. Corolla S da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 2003 zuwa 2008 injinta ɗaya ne da na 'yan uwanta CE da LE. Bambancin kusan duk ado ne: robar da aka ƙara a ƙasan bamba da gefen ƙofofi, da fitilun hazo, da 'yan gyare-gyare a ciki. Masu gudun gaske su ne Corolla XRS ta 2005 da 2006, da Civic Si mai injin lita 2 da ƙarfin doki 197. Dukansu biyu giyar hannu ce da su mai hawa shida, kuma an tsara su ne domin fetur mai daraja ta sama, irin wanda gidajen mai na Najeriya ba su ware shi daban. Ba kasafai ake ganinsu a wannan yanki ba. Mafi yawan abin da ake saye da sunan motar gudu, mota ce ta yau da kullum da aka sa wa rigar tsere, kuma rigar ce ke fara karyewa a kan hanyar burji.

Tarihin da dillali ba ya bayarwa

Mafi ƙuruciya a cikin waɗannan Civic an ƙera ta ne a 2011. Wato duk wadda aka gani a Kazaure ko Babura ta riga ta yi rayuwa guda a wata ƙasa, sau da yawa ma ta yi ta biyu a Legas ko Abuja ko Kano.

A da, da yawa daga cikin motocin da ke shigowa arewa ana sauke su ne a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Jamhuriyar Nijar, su tsallako ta iyakokin Katsina da Jigawa da Sakkwato. Gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, kana ta rufe iyakokin daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Abin da ya biyo baya shi ne takardar kwastam ta zama wani ɓangare na darajar mota. A yankin da ke kusa da iyaka, inda shingayen jami'an kwastam ba baƙon abu ba ne, motar da aka saya da araha amma takardunta na jabu ne, ana iya ƙwace ta a hannun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Daɗin daɗawa, darajar naira ta faɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kan kimanin naira 460 a farashin hukuma, zuwa watan Fabrairun 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Da yake da dala ake sayo motar, kuma da farashin dala ake lissafa harajinta, sai Beljiyam ta yi wa mai matsakaicin albashi nisa, kasuwa ta koma kan motocin da aka riga aka mora a cikin gida.

Wasu daga cikin motocin da ke zuwa daga Amurka an sayo su ne a gwanjon kamfanonin inshora, bayan sun yi hatsari ko ambaliya ta shanye su, kamar yadda ya faru da ɗimbin motoci a guguwar Sandy ta 2012 da ta Harvey ta 2017. Fenti yana rufe tabon hatsari, amma ba ya gyara ƙashin motar da ya lanƙwashe, ruwan da ya shiga wayoyi kuma sai bayan watanni yake nuna kansa. Ita Civic mai lita 1.8 ta 2006 zuwa farkon 2009 tana da wani sanannen lahani: gangar jikin injin wasu daga cikinsu kan tsage, ruwan sanyaya inji ya riƙa tsiyaya. Kamfanin Honda ya amince da lahanin a Amurka, ya tsawaita garantin injin zuwa shekaru goma, amma wa'adin ya ƙare a kan dukkansu, kuma dama bai taɓa isowa Roni ba. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ita ce hanyar bin diddigin mota ta intanet. Kuɗin binciken bai kai na taya ɗaya ba.

Inda kwalta ta ƙare

Domin mota ta riƙe hanya a kwana ba tare da ta yi tangaɗi ba, masu ƙira suna yin abubuwa uku: su matso da ita kusa da ƙasa, su taurara ƙafafunta, su sa mata taya mai faɗi amma gajeren gefe. Dukkan ukun alheri ne a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, kuma dukkansu nauyi ne a kan hanyar ƙauye.

Tazarar cikin Civic da ƙasa kusan santimita 15 ce idan babu kowa a ciki. To amma wa ke tafiya Gwiwa shi kaɗai ranar biki? Idan mutum biyar suka shiga, aka ɗora buhun gero da jarkar mai a but, tazarar ta ragu ƙwarai. Hanyar burji da manyan motoci da amalanke suka bi takan yi kwari biyu a gefe da tudu a tsakiya, kuma wannan tudun ne ke gogar salansa da kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. A yankin Kazaure da Roni, inda ƙasar ke da duwatsu da tsaunuka, abin da ke cikin tudun dutse ne. Kaskon da ya fashe yana iya zubar da baƙin mai cikin 'yan mintuna, direban da bai lura da jar fitilar da ta kama a gabansa ba kuwa, injin zai rasa gaba ɗaya. Ta wajen Babura matsalar daban ce, domin can rairayi ne, kuma mota mai ja da tayoyin gaba, mai ƙasa-ƙasan ciki, da ta nutse sai cikinta ya zauna a kan yashi tayoyin su riƙa juyawa a banza. Ko a cikin gari ma, tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, ba tare da wani ma'auni ba, ya ishe ta.

Batun taya kuwa lissafi ne da kowa zai iya yi. Lambobin da ke jikin taya suna faɗin faɗinta da tsayin gefenta. Tayar da aka rubuta wa 195/65 a kan rim mai inci 15, tsayin robar da ke tsakanin rim da ƙasa kusan milimita 127 ne. Mai 205/55 a kan inci 16 tana da milimita 113. Mai 215/45 a kan inci 17, irin ta Civic Si, milimita 97 kacal gare ta. Wannan santimita uku da aka rasa su ne matashin da ke tare duka idan mota ta faɗa rami. Idan babu su, sai taya ta yi ƙulu a gefe ko rim ya lanƙwashe, dukan kuma ya wuce zuwa shakazoba da sauran ƙarafan ƙafa. Abin mamaki shi ne matasa da dama da kuɗinsu suke cire rim mai inci 15 su sa mai 17 ko 18 saboda ado. A kan hanyoyin wannan yanki, akasin haka ne ya fi dacewa.

Wasu kuma sukan je wajen bakanike a ɗaga motar da zoben ƙarfe ko na roba a saman shakazoba. Ɗan ɗagawa kaɗan yana rage gogar ƙasa, amma yana sauya yadda tayoyi ke zama, yana ƙara wa shaf wahala, kana yana rage riƙon hanyar da aka sayi motar dominsa. Dama Civic ta 2006 da 2007 an san ta da cinye tayoyin baya ta gefen ciki saboda wani ƙarfen ƙafar baya da Honda ta sauya daga bisani. Motar da aka ɗaga ba a daidaita ƙafafunta ba, sai abin ya ƙaru.

Da damina, musamman a watan Agusta, kwalbatocin da ruwa ke haurawa suna da nasu hatsarin. Bakin da injin ƙaramar mota ke shaƙar iska ba shi da nisa da ƙasa, ruwa kuma ba ya matsuwa kamar iska. Kofi ɗaya da ya shiga inji yana aiki ya isa ya lanƙwasa ƙarfen da ke cikinsa. A wurin da Hilux ta ratsa ta wuce, mai Civic jira ne ya kamace shi.

A nan ya dace a wanke Civic daga wani zargi. Labarin da ya yaɗu cewa tayar gaban Honda tana cirewa ana cikin tafiya, ya samo asali ne galibi daga Accord, wadda nauyin gabanta ke zaune a kan wani ƙullin ƙarfe da ramuka ke cinyewa. Ƙirar ƙafar gaban Civic ta 2006 daban ce. Duk da haka ƙarar ƙwas-ƙwas a ƙafar kowace mota ba abin a bari sai ƙarshen wata ba ne.

Lita hamsin

A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Civic mai lita 1.8 tana yin kusan kilomita 12 da kowace litar fetur idan aka haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya. Wannan a sabuwar mota ke nan. Bisa wannan lissafi, zuwa Kano da dawowa Kazaure zai ci kimanin lita 13.

A farkon shekarar 2023, lokacin da farashin hukuma ke kan kimanin naira 185, lita 13 ba ta kai naira 2,500 ba, cika tankin motar mai lita 50 kuwa naira 9,250 ne, ko da yake masu saye a arewa sun sha biyan fiye da farashin hukuma. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000. A wannan farashi tafiyar Kano ta koma naira 13,000, cika tanki kuma naira 50,000, a shekarar da aka ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000. Farashin ya ɗan sauko a 2025, amma bai kusanci inda ya baro ba.

Wannan ne ya sauya yadda ake zama da motar. Wadda aka saya domin zuwa aiki kullum ta koma motar Juma'a da biki da kai mara lafiya asibiti, babur ya karɓi sauran hidimar. Shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 bai zo wa mai irin wannan mota da sauƙi ba, domin tulun gas ɗin yana cinye but ɗin da dama ba shi da girma, yana ƙara nauyi a bayan motar da cikinta ke kusa da ƙasa, kuma a shekarun farko na shirin wuraren ɗura gas a manyan birane suka taru.

Sannan akwai ingancin man. Injin zamani yana fesa fetur ne ta ƙananan kafofi, famfon da ke turo shi kuma a cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi. Al'adar sayen lita uku-uku da tafiya da fitilar mai a kunne tana gajarta ransa. Man 'yan bumburutu, da ake zubawa daga galan zuwa mazurari a bakin hanya cikin ƙura, yana ceton matafiyi a inda babu gidan mai, amma babu mai tabbatar da abin da ke cikinsa. Ko man da ya biyo ta hannun hukuma ma ya taɓa ba da kunya: a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, wanda ya lalata motoci a Legas da Abuja.

Hannun da ke gyara

A watannin Afrilu da Mayu zafi a wannan yanki yakan wuce digiri 40, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke toshe matatar iskar inji da ramukan lagireto. Mota tana iya jure duka biyun idan ana kula da ita yadda aka tsara. Abin da ke kashe ta da wuri sau da yawa gyara ne da aka gada daga zamanin Fijo.

Na farko shi ne cire tamostat, wato 'yar na'urar da ke daidaita zafin inji, tare da haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Hujjar da ake bayarwa ita ce an yi na'urar ne domin ƙasashe masu sanyi. Amma an tsara injin ne ya yi aiki a wani mataki na zafi, kuma muddin bai kai wannan mataki ba, ƙwaƙwalwar motar za ta ci gaba da ƙara masa fetur. Mai motar da ya cire tamostat yana biyan kuɗin wannan shawara a gidan mai kowane mako. Zuba ruwan rijiya ko na burtsatse a lagireto maimakon ruwan da aka haɗa domin haka shi ma yana tara tsatsa da gishiri a cikin inji.

Na biyu baƙin mai. A murfin injin Civic ɗin da ta zo daga Amurka an rubuta 5W-20, mai ruwa-ruwa ke nan, amma abin da aka saba ɗurawa a gareji shi ne 20W-50 mai kauri, saboda ya fi araha kuma shi aka sani. Tsarin i-VTEC, wanda ke sauya yadda injin ke shaƙar iska, da matsin baƙin mai yake aiki ta wasu siraran hanyoyi, don haka mai kauri ko na jabu ko wanda ya daɗe ba a juye ba yana dagula shi. Haka giyar da ke canza kanta tana da nata man na Honda, kuma zuba mata duk wani jan mai da aka samu a shago na daga cikin abubuwan da ke sa ta fara fizga.

Na uku shi ne abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, saboda haka tana da kasuwa. Wasu masu mota da kansu suke sayar da ita, wasu kuma ba su san an cire ba sai sun ji muryar motar ta sauya, fitilar gargaɗin inji ta kama ta ƙi mutuwa. Daga ranar da wannan fitila ta zama abin da ido ya saba da shi, duk wata sabuwar matsala da ta taso ba ta da hanyar sanar da direba.

Ba laifin makanikan karkara ba ne kacokan. Da yawansu sun koyi aiki ne a kan motocin da ake gane ciwonsu da kunne, wannan kuwa sai an jona mata na'urar bincike ta karanta abin da ƙwaƙwalwarta ta ajiye. Kayan gyara kuma galibi daga Kano suke zuwa, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, inda mai saye ke zaɓa tsakanin tsohon kaya na asali da aka ciro daga wata mota da sabon kaya mai araha wanda ba a san ingancinsa ba. Ga mutumin Gwiwa, ƙaramin ƙarfe ɗaya yana nufin kuɗin mota zuwa Kano ko jiran direban haya ya taho da shi, idan kuma bai yi daidai ba a sake mayarwa.

Tamanin ɗin da ba tamanin ba

Motar da ta zo daga Amurka da mil take auna gudu, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. A motoci masu allura akan ga ma'aunan biyu tare, amma allon I-Robot lamba ɗaya yake nunawa, ko da yake akwai maɓallin da ke sauya shi zuwa kilomita. Direban da bai sauya ba, ya ga 80 a gabansa, a haƙiƙa yana gudun kusan kilomita 129 ne a sa'a. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta kayyade wa motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na musamman.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A gudun kilomita 80 mota tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, a 129 kuwa mita 36, tun kafin ƙafar direba ta kai ga birki. Nisan da za ta ja bayan an taka birkin kuma ya ninka fiye da sau biyu da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin hatsarin da ke kisa da kashi 4. Hanyar Kano zuwa Daura kuwa ba ta motoci kaɗai ba ce. Akwai tireloli, da 'yan acaɓa, da garken shanu, da yara masu talla, da cunkoson ranar kasuwar Dambatta. Motar ba ta jijjiga, ba ta ƙara, gilasai a rufe, sanyi na busawa, saboda haka jikin direba ba ya gaya masa irin gudun da yake yi. Ga kuma wasan mota da wasu samari ke yi a rakiyar amarya, wanda jami'an tsaro a jihohin arewa suka sha yin gargaɗi a kansa.

Duk wannan gudu a kan tayoyi huɗu yake, waɗanda sau da yawa na gwanjo ne. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Iskar da ta dace da tayar Civic, kamar yadda aka manna a jikin ƙofar direba, wajen 32 ce a ma'aunin mai faci, ba 45 ko 50 da ake yawan ɗurawa ba. Tsohuwar taya a kan kwalta mai zafin bazara ba ta zaɓen mai mota. Fashewar taya da gudu su hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta ambata a hatsarin da ya kashe ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016, kuma babbar motar gwamnati suke ciki.

Akwai kuma jakar iska da ke fitowa lokacin hatsari. Civic na 2001 zuwa 2011 suna cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakunkunan kamfanin Takata na Japan, waɗanda sinadarin da ke hura su yake lalacewa bayan shekaru a cikin zafi da laima, har ya tarwatsa ƙarfen da ke riƙe da shi ya watsa wa na cikin mota. A Amurka kaɗai kiranyen ya shafi jakunkuna kimanin miliyan 67, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Motar da ta baro can kafin a sauya mata, da tsohuwar jakarta take yawo, wadda ta taɓa yin hatsari kuwa mai yiwuwa ne babu komai a bayan murfin sitiyarinta. Bel ɗin kujera, wanda ke rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, shi ne kariyar da mai motar zai iya tabbatarwa da idonsa.

Inshorar dole, wadda ke biyan diyyar ɓarnar da mota ta yi wa wani, ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara tun daga Janairun 2023, 'yan sanda kuma sun fara tilasta ta a faɗin ƙasa ranar 1 ga Fabrairun 2025. Tana biyan har naira miliyan uku na dukiyar wanda aka yi wa ɓarna, amma ba ta biyan ko kwabo na gyaran motar mai ita.

Idan ranar sayarwa ta zo, dillalai a Kano sun fi yi wa Corolla ciniki mai kyau a kan Civic ɗin da suke shekara ɗaya, saboda kasuwa ta yarda cewa Toyota ta fi jure wahala da gyaran ganganci. Kuma kafin su tambayi gudun kowace daga cikinsu, sai sun durƙusa sun leƙa ƙarƙashinta, su ga abin da hanyar Roni ta bari a jikin kaskon baƙin mai.